Kwantar da Gashi a Gida: Aikin Ruwa ne da Ɗankwali

A cikin gyaran kai da mace za ta iya yi wa kanta ba tare da ta je wurin makitsiya ko salun ba, da wuya a sami wanda ya kai fakin farin jini. A taje gashi duka a mayar da shi baya, ya kwanta luf tun daga goshi har inda aka kama shi da ribom, sannan a bar jelar ta sauka ko a naɗe ta kamar gammo a ƙeya. Yana zama daram a ƙarƙashin ɗankwali, ba ya tokare hijabi, kuma ranar da aka yi tsifa aka tarar da layi wurin mai kitso, shi ne rufin asiri. Sai dai kukan masu yin sa a gida kusan ɗaya ne. Da safe a gama shi sumul kamar an bi da dutsen guga, kafin azahar gefe da gefe sun miƙe, tsakiya ta kumbura, wani farin gari ya fito kamar amosani. Maganin da aka saba yi wa wannan biyu ne, a ƙara jel a kuma ƙara tamke ribom, kuma duka biyun kuskure ne. Ruwa ne ke kwantar da gashi, bushewa a ƙarƙashin ɗankwali ce ke riƙe shi a kwance. Jel ɗan rakiya ne. Ja da ƙarfi kuwa ba shi da wani aiki a nan illa cinye gaban goshi.

Dalilin yana cikin silin gashin kansa. Gashi an gina shi ne da wani furotin da ake kira keratin, irin wanda ke cikin farce da ƙahon dabba, kuma zarurrukan wannan furotin a ɗaure suke da juna ta hanya fiye da ɗaya. Akwai ɗauri mai ƙarfi na sinadarin farar wuta, wanda ke riƙe da siffar gashin da aka haifi mutum da ita. Ruwa ba ya kwance shi, sai magani mai kaifi irin rilaksa. Akwai kuma wani ɗaurin mai rauni amma mai ɗimbin yawa, wanda masana ke kira ɗaurin haidirojin. Shi wannan da zarar ruwa ya ratsa sili sai ya saki, idan gashin ya bushe kuma ya sake kamawa a duk yanayin da bushewar ta same shi. Kowace mace ta ga shaidar haka ko da ba ta san sunansa ba: kalbar da aka yi da danshi, idan aka tsefe ta sai gashin ya fito da lanƙwasarta, wadda kuma ta kwanta da jiƙaƙƙen kai takan tashi da gefe ɗaya a shafe. Masu saƙar tabarma da faifai ba don wasa suke jiƙa kaba kafin su fara ba, kuma tun yana ɗanye ake tanƙwara icce. Shi kuwa jel, idan aka cire masa ƙamshi da launi, ruwa ne da wani sinadari mai danƙo wanda ke barin siririn ɓawo a jikin gashi bayan ruwan ya tafi. Aikinsa aikin sitaci ne a jikin shadda. Mai wanki yana tsoma shaddar cikin sitaci tana jiƙe, ya miƙar da ita, ya shanya. Da zai dunƙule ta ya bar ta ta bushe a haka, sitacin da kansa ne zai riƙe masa yamutsar. Haka jel yake: duk yanayin da ya tarar da gashi shi zai kulle, mai kyau ko marar kyau.

Gashin yawancinmu yana da hali wanda ya sa shirin dare ya fi aikin safiya nauyi. Silinsa ba zagayayye ba ne, a ɗan shafe yake, kuma daga lanƙwasasshen rami yake tsirowa, shi ya sa yake murɗewa, kowace murɗa kuma wurin karyewa ce. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya bin waɗannan kwanoni ya kai baki, don haka bakin gashi ne ya fi bushewa. Ga kuma tsukewa: gashin da ya kai kafaɗa idan an ja shi, yana iya komawa bai wuce kunne ba in aka wanke aka bar shi. Wadda ta tashi yin fakin a kan gashin da ya tsuke haka, saman kawai za ta kwantar, na cikin yana nan kamar soson katifa yana turowa. Saboda haka a wanke kai tun da yamma. Wankin dole ne, domin tsohon mai yana hana ruwa shiga sili, kuma yana sa sabon jel ya yi gudaji. Bayan shamfu a sa kwandishina, ko a yi amfani da ruwan karkashi, wanda yauƙinsa ke sa mataji ya wuce ba gardama. A taje tun santsin yana jiki, da mataji mai faɗin haƙora, a fara daga baki a hau zuwa gindi sannu a hankali. Sai a tsane da tawul ba tare da gurzawa ba, a shafa ɗan man kaɗanya, a yi kalba shida ko takwas, ko kitson zare, duka suna kallon baya inda za a ɗaure gobe. Kafin gari ya waye gashin ya bushe a miƙe, ba a sa masa wuta ba, an kuma gama rabin aikin ana barci.

Kayan aikin ba su da yawa kuma ba tsadarsu ke yin aikin ba: kwalbar fesa ruwa, matajin nan, kibiya don tsaga, burushin gashi mai laushi wanda gashinsa ya cika, ribom, ɗankwalin satin ko siliki, sai jel. Biyu daga ciki ne ke buƙatar zaɓe. Robar ɗaure kuɗi ba ta gashi ba ce, tana kama sili ta tsinke shi wurin cirewa, haka ma ribom mai ƙarfe a mahaɗa. Mai cikar gashi ta fi samun sauƙi da dogon ƙyalle mai taushi, ko tsohuwar doguwar safa da aka yanke, domin shi zagaya gashin ake yi da shi a tsuke daidai yadda ake so, maimakon a tura gashin duka ta cikin ƙaramar kafa. Wajen jel kuma a juya robarsa a duba jerin sinadaran, wanda ake rubutawa daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Ruwa ya kamata ya zo farko, sau da yawa da sunansa na Latin, aqua. Wanda ke da sinadari irin na sifirit a sahun gaba yana saurin bushewa, amma yana tafiya da danshin gashin.

Da safe a tsefe kalbar, a tsaga kai gida biyu daga kunne zuwa kunne ta tsakar kai, a kama na gaba a ajiye. Da na baya ake farawa, domin a kansa sauran za su hau. A fesa masa ruwa har ya yi danshi irin na tufar da aka matse, wadda ta jiƙe amma ba ta ɗiga. A lakato jel kamar girman dabino, a murje a tafin hannu, a shafa daga gindin gashin zuwa tsawon yatsa ɗaya, ta sama da ta ƙeya, ba tare da an cusa shi cikin fatar kai ba. Jelar ba ta buƙatarsa. Sai a ɗauki burushi a bi daga gindi zuwa wurin da za a ɗaure, ɗaya tafin hannun yana biye da shi yana dannewa, a kama a ɗaure sakwa-sakwa. Daga nan a tsago wani falle daga gashin gaba, kaurinsa kada ya wuce yatsa biyu, a yi masa yadda aka yi wa na farko, ruwa, jel, burushi, a kwantar da shi kan na baya, a kwance ribom a haɗa su a mayar. Haka za a yi ta yi falle bayan falle har a iso goshi. Mai cikar gashi za ta iya yin falle huɗu ko biyar, mai ɗan kaɗan biyu sun ishe ta. Wannan shi ne wurin da akasari ake yin gajen haƙuri, a tattare gashin duka a hannu ɗaya a lafta masa jel a sama kamar ana yaɓen bango. Saman zai bushe ya yi ɓawo, na cikin da ruwa bai taɓa ba yana nan da ƙarfinsa, kuma kafin a daɗe zai fasa ɓawon. Jel ɗin da aka raba wa falle biyar bai kai wanda ake laftawa a sama sau ɗaya yawa ba, ya kuma fi shi riƙo nesa.

Ɗaurin ƙarshe a yi shi kai yana tsaye daidai. Idan aka sunkuyar da kai aka ɗaure, ana ɗagowa gashin ƙeya zai saki ya yi jaka. Idan kuma aka ɗaga shi baya sosai, duk sunkuyawa sai ƙeya ta ji ja. Gwajin mai sauƙi ne: bayan an ɗaure, a sunkuya kamar mai ruku'u, a juya wuya hagu da dama, a ɗaga gira. In wani wuri ya yi zafi ko fata ta biyo gashi, a sassauta. Ɗan yatsa ya kamata ya iya shiga ƙarƙashin ribom. Fakin na ƙasa, wanda ke zama a ƙeya, ya fi na tsakar kai sauƙi ga gaban goshi, ya kuma fi zama lafiya da ɗaurin kallabi. Ƙananan gashin goshi da na saje su ake bi daga ƙarshe, da tsohon burushin haƙori mai laushi da aka wanke, a jiƙa shi a ɗan taɓa jel, a kwantar da su ta inda suka nufa da kansu. Su ne mafi siranta a kai duka, ba sa jure gurza.

Yanzu aka zo ainihin aikin, wanda saboda bai yi kama da aiki ba ake tsallake shi. A ninke ɗankwalin satin ya yi faɗin tafin hannu biyu, a ɗora shi daga kan goshi ya rufe layin gashi da saje, a zagaya da shi ta ƙarƙashin gammon, a dawo a ƙulla a kan ɗankwalin ba a kan fata ba. Ya kama kai ko'ina daidai, amma ba har jijiya ta riƙa harbawa ba. Mai laushin gashi minti ashirin zuwa talatin sun ishe ta, mai cika da tauri kuwa ta ba shi awa guda ko fiye, tana sauran shirinta. Satin aka zaɓa domin auduga tana shan ruwan da jel ɗin tare, ta manne, wurin cirewa ta taso da gashin da aka sha wahalar kwantarwa. Ɗankwalin atamfa na fita ne, a kan satin zai hau. Kafin a cire a zura bayan yatsa ƙarƙashi: in an ji sanyi, da saura. In akwai wuta kuma ana sauri, a bi saman ɗankwalin da draya a kan iska mai ɗumi, daga nesa kamar santimita 15, ana motsa ta. Wurin cirewa a kwance ƙullin a zame ɗankwalin baya, kada a ɗaga shi sama. Idan gashin ya yi ƙarau kamar busasshen ƙanzo, ɗigo biyu na mai a tafin hannu, a shafa sau ɗaya, zai yi laushi ya ɗauki sheƙi. Samarin baƙaƙen fatar Amurka da ke kwana da ƙyalle ɗaure a kai don gashinsu ya kwanta ya yi igiya-igiya, wannan dabarar ce dai suke bi: danshi, burushi, matsi mai laushi, lokaci.

Mai lura za ta ce, ai an ce jiƙaƙƙen gashi ya fi rauni, yaya kuma za a ce a yi aiki da shi a jiƙe? Gaskiya ne sili ya fi miƙewa da saurin lahanta idan ya sha ruwa, tunda ɗaurin nan ya saki. Amma ga murɗaɗɗen gashi lissafin ya juya, domin a bushe mataji yana cin karo da kowace murɗa, a jiƙe kuwa murɗar ta sassauta, ƙarfin da ake buƙata don tajewa ya ragu sosai. Ƙarar ƙas-ƙas ɗin nan da ake ji idan ana taje busasshen kai, da gutsattsarin da ke zuba a kafaɗa, karyewa ce. Abin da maganar raunin ke koyarwa shi ne a tsaya a danshi kada a kai ga ɗiga, kuma kada a tamke ribom a kan gashi mai ruwa, domin yana bushewa yana tsukewa, ɗaurin da yake daidai da safe sai ya zama azaba da rana.

Babbar gardamar ita ce ta masu cewa nasu gashin mai taurin kai ne, in ba a ja shi ba ba ya jin magana, kuma kwalliya dama sai da wahala. A dubi abin da idon basira. Gashin da ke miƙewa ya ɓata fakin, wanne ne? Gajerun nan ne na goshi da gefe da waɗanda suka karye a tsakiya, waɗanda tsawonsu bai kai wurin ribom ba. To wanda bai shiga cikin ɗauri ba, ko an tamke ribom har ido ya ƙanƙance, jan bai shafe shi ba. Dogayen da suka riga suka kwanta su ke shan wahalar a banza, wasunsu su karye su zama sababbin gajeru, gobe fakin ya ƙara tashi, a ƙara ja. Likitocin fata sun daɗe da sanin ƙarshen wannan hanya, wato sanƙo. Tun a 1907 aka rubuta bayanin irin wannan sanƙo a tsakanin matan Girinland masu tamke gashinsu a tsakar kai, kuma ana ganinsa ga masu rawar bale da ke ɗaure gammo kullum. A 2007 likitar fata Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta a Jami'ar Cape Town sun wallafa binciken da suka yi a Afirka ta Kudu, inda suka sami wannan zubewa ta ja a jikin kashi 31.7 cikin ɗari na manyan matan da suka duba, da kashi 17.1 na 'yan mata 'yan makaranta. A manyan, kusan mace ɗaya cikin uku ke nan. Alamun farko ba ɓoyayyu ba ne: ciwon kai bayan ɗauri, ƙananan ƙuraje a layin goshi, zafi idan an taɓa, sai kuma wani siririn layin gashi da ya rage a gaba, bayansa fili yana buɗewa. A wannan mataki idan aka daina ja gashin yana dawowa. Idan aka yi shekaru ana yi, ramin da yake tsirowa ya mutu ya zama tabo, babu man da zai tayar da shi. Ko wanda zai dawo ɗin ma, gashi kimanin santimita ɗaya yake yi a wata, irin namu ma sau da yawa bai cika kai hakan ba. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Wadda gashinta bai kai ya kamu ba tukuna, gara ta kama shi gida biyu, ɗaya a tsakiya ɗaya a ƙasa ta haɗa jelar, ko ta riƙe gefe da ƙananan fil, da ta tilasta masa isa inda bai kai ba.

Wasu kuma za su ce a sa rilaksa a huta. Ba za a musa ba, gashin da aka sa wa rilaksa ya fi saurin kwanciya. Amma a san da me aka saya. Rilaksa mai ƙarfi sinadarinta shi ne sodar nan da ake haɗa sabulu da ita, waɗanda aka rubuta ba su da soda kuma da wani sinadarin mai kaifi kusan irinsa aka musanya ta. Aikinta ta tsinke ɗaurin farar wuta, wanda ba ya komawa yadda yake, don haka silin ya miƙe amma ya rasa wani ɓangare na ƙarfinsa har abada. Binciken Cape Town ɗin ya nuna haɗarin zubewa ya fi yawa inda aka haɗa ja da rilaksa a kai ɗaya. Sannan a 2022 wani bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka, wanda ya bi mata sama da 33,000, ya sami cewa masu amfani da magungunan miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun ninka waɗanda ba sa amfani da su yawan kamuwa da sankarar mahaifa. Alaƙa binciken ya nuna, bai yanke cewa maganin ne sanadi ba, amma ya isa a tsaya a yi tunani kafin a ɗauki wannan hanya don fakin kawai, abin da kalbar dare ɗaya ke bayarwa kyauta. Wadda ta riga ta sa, jel kaɗan take buƙata da ɗauri mafi sassauci, kuma ta bar kan ya huta mako biyu bayan sawa kafin ta kama shi.

Saura masu cewa iyayenmu da mai suka gyara kansu, me ya kawo jel? Mai yana da wurinsa, kuma a ƙasashen masu miƙaƙƙen gashi shi ne ya fara yin wannan ado. A Ingila ta ƙarni na 19 maza sun yi ta shafa man Makasar har sai da aka riƙa shimfiɗa ƙyalle a bayan kujeru don kada su ɓaci, a 1928 aka fito da Brylcreem a Birmingham, a Faris kuma Josephine Baker ta yi suna a shekarun 1920 da gajeren gashinta mai sheƙi da ke manne a kai. Miƙaƙƙen gashi ba ya turjiya, nauyin mai kaɗai ya isa ya kwantar da shi. Mai irin wannan gashi, mace ko namiji, kamar yadda ake samu a cikin Fulani da Shuwa da Buzaye, aikinsa gajere ne: kai da danshi, ɗan mai a murje a hannu, a fara shafawa daga ƙeya a zo gaba don kada goshi ya kwashe duka, a taje baya. Murɗaɗɗen gashi kuwa mai yana ba shi sheƙi da laushi amma ba ya riƙe shi, kuma idan ya riga ruwa shiga sai ya tare masa hanya. Shi ya sa jerin yake ruwa tukuna, mai ɗan kaɗan, sannan jel. Basilin da sauran mayuka masu kauri suna da nasu laifin: ƙurar hunturu tana manne musu, kuma idan suka gangaro goshi suna toshe ƙofofin fata su kawo ƙananan ƙuraje, abin da likitocin fata suka yi wa suna tun 1970. Mai amosani ta ƙara kiyayewa, domin ƙwayar da ke haddasa shi da maiƙo take rayuwa. Wadda ba ta son jel ɗin kanti za ta iya tace ruwan karkashi mai kauri ta yi aiki da shi. Riƙonsa bai kai ba, kuma ba ya ajiyuwa, sai a haɗa na ranar.

Farin garin nan da ke kunyata mutum a taro yana da asali uku, kuma babu amosani a cikinsu. Ko jel ɗin bai jitu da man da aka fara shafawa ba, ko an ɗora sabo a kan tsoho, ko an sa burushi bayan ya bushe aka farfasa ɓawon. Na farkon ana gane shi tun kafin ya hau kai: a haɗa ɗan jel da ɗan man a bayan hannu a murza, in suka narke suka zama ɗaya sun jitu, in suka yi gudaji fari kamar nonon da ya tsinke to haka za su yi a gashi. Na ukun kuwa dokarsa ɗaya ce, busasshen jel ba a taje shi, sai an fesa ruwa. Yanayi ma yana da hannu. Da hunturu falle yana bushewa kafin a gama da shi, don haka kwalbar ruwa ba ta barin hannu kuma a rage girman falle. Da damina iska da kanta ɗauke take da ruwan da ke kwance ɗaurin, sai a ƙara wa ɗankwali lokaci, a tabbata kan ya bushe sarai kafin a fita. A kowane lokaci kada a rufe jiƙaƙƙen kai da hula da hijabi a wuni a haka, ƙaiƙayi da wari ke biyo baya.

Da zarar an fahimci cewa ruwa ne ke buɗewa bushewa ke rufewa, kula da fakin ya zama abu mai sauƙi. Shafar kai a alwala, wadda wasu ke ganin tana ɓata musu gyara, danshinta yana farfaɗo da jel ɗin da ke jiki. A bi da tafin hannu baya sau biyu a mayar da satin ƙarƙashin hijabi, kafin a idar da salla ya koma yadda yake. Wannan ma wani dalili ne na zaɓen jel mai narkewa a ruwa a kan mai kauri irin kakin zuma, wanda sai an yi ta sabulu kafin ya fita. Da dare a kwance ribom ko a sassauta shi sosai, a ɗaura satin a kwanta. Da safe ruwa kawai za a fesa, a bi da burushi, a ɗaure minti goma, ba sai an ƙara jel ba. Kwana uku, in an matsa huɗu, ya isa a sauke shi, a kuma canza wurin ɗauri a karo na gaba don kada wuri ɗaya ya riƙa ɗaukar nauyi, a sa kitso marar tsanani a tsakani. Wurin saukewa kada a fara da mataji. A jiƙa kan da ruwa mai ɗumi har jel ɗin ya koma santsi, a raba da yatsu, sannan a wanke. Za a ga gashi ya fito a hannu fiye da kullum, kuma ba lallai ne abin tsoro ba: kai yana zubar da sili hamsin zuwa ɗari a rana, na kwana ukun da ribom ya riƙe ne suka fito tare. A ɗauki kaɗan a duba a haske. Dogo mai ɗan farin kai a gindi, wanda ya gama kwanansa ne ya faɗi. Gajeru marasa farin kai karyayyu ne, kuma in sun yi yawa, a karo na gaba a ƙara ruwa, a rage burushi, a sassauta ribom.